Rikicewar Bugun Zuciya: Yadda Ake Gane Ta da Matakan da Ya Kamata a Bi

Da wuya a sami baligin da bai taɓa jin gabansa ya faɗi ba, ko ya ji ƙirjinsa yana dukan uku-uku bayan ya yi gudu ko ya sami labari mai girgiza rai. Wannan aikin zuciya ne na yau da kullum, domin an halicce ta ta ƙara sauri idan jiki ya buƙata, ta kuma lafa idan ya huta. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne lokacin da bugun ya sauya haka siddan: ya kama gudu alhali mutum yana zaune, ya yi nawa har jiri ya ɗebi mai shi, ko ya rasa tsari gaba ɗaya. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tsananin abin da ake ji a ƙirji ba ya nuna girman hatsarin. Akwai rikicewar da ke hana mutum barci don fargaba alhali ba ta cutar da shi da komai, akwai kuma wadda mai ita bai san da zamanta ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin a iya raba wannan da wancan.

Abin da ke kaɗa zuciya

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi zuwa huhu da sauran jiki. A saman ɗakin dama na sama akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta da ke sakin wutar lantarki 'yar mitsitsiya sau 60 zuwa 100 a kowane minti. Wutar tana bazuwa a ɗakunan sama su matse, sannan ta isa wata mahaɗa a tsakiyar zuciya inda ake ɗan tsare ta na ƙasa da rabin daƙiƙa, domin ɗakunan ƙasa su gama cika kafin su ma a ba su umarnin matsewa. Abin ya yi kama da mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana tashi, kuma da zarar ɗaya ta saɓa lokaci sai dakan ya lalace. Haka zuciya take yi kusan sau 100,000 a kwana ɗaya.

Hanyoyin da wannan tsari ke lalacewa ba su da yawa. Ko dai tushen wutar ya yi rauni ko hanyarta ta toshe, sai bugu ya yi nawa. Ko wani sashe na zuciyar da ba aikinsa ba ne ya fara sakin tasa wutar. Ko kuma wutar ta sami wata ɓarauniyar hanya ta riƙa zagayawa a cikinta ba ƙaƙƙautawa, sai bugu ya yi mugun sauri.

Mataki na farko: a koyi ƙirga bugun jini da hannu

Wannan shi ne gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma a ganina ya fi duk sauran matakan muhimmanci ga wanda yake nesa da babban asibiti. A zauna a huta na minti biyar. A juya tafin hannun hagu ya kalli sama, sannan a ɗora yatsa manuniya da ta tsakiya na hannun dama a kan wuyan hannu, daidai ƙasan gindin babban yatsa, inda akwai ɗan kwarmi tsakanin ƙashi da jijiya. A danna a hankali har sai an ji abu yana harbawa. Kada a yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun kuma yana iya ruɗar mai ƙirge. A dubi agogo a ƙirga na cikakken minti ɗaya. Ma'aikatan lafiya sukan ƙirga na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, amma wannan gajeriyar hanya ba ta da amfani ga wanda ake zargin bugunsa ba shi da tsari.

Abubuwa uku ake nema: yawan bugun, ko tazarar da ke tsakanin bugu da bugu daidai take, da kuma ko ƙarfinsu ɗaya ne. Ga baligi mai hutawa, 60 zuwa 100 shi ne daidai. Manomi mai jini a jika ko ɗan ƙwallo yana iya samun 50 ko ƙasa da haka kuma lafiyarsa ƙalau, muddin ba ya jin jiri ko kasala. Jarirai da ƙananan yara bugunsu ya fi na manya sauri nesa ba kusa ba, don haka ba a auna su da ma'aunin manya. Haka nan a wajen yara da matasa bugu yakan ƙaru kaɗan idan an ja numfashi ya ragu idan an sauke, kuma wannan alamar lafiya ce.

Yana da kyau a saba da wannan ƙirge a ranakun da ake lafiya, domin wanda bai san bugunsa na kullum ba ba zai gane baƙo ba idan ya zo. Masu na'urar awon hawan jini a gida su lura cewa da yawa daga cikinsu suna nuna wata 'yar alama mai siffar zuciya idan bugu ya rikice. Idan alamar ta fito sau ɗaya, wataƙila an motsa hannu ne; idan tana fitowa a kai a kai, a tabbatar da yatsa sannan a nemi asibiti.

Sai kuma a tanadi ɗan littafi. Duk lokacin da abin ya motsa a rubuta rana da lokaci, abin da ake yi a sa'ilin, abin da aka ci ko aka sha, ko ya fara ne farat ɗaya ko a hankali, tsawon lokacin da ya ɗauka, da adadin bugun da aka ƙirga. Idan an je gaban likita, a ƙwanƙwasa masa tebur da yatsa yadda aka ji bugun yana tafiya. Ƙwararren likita yakan fahimci abu mai yawa daga wannan ƙwanƙwasawar fiye da daga kalmar "faɗuwar gaba" kaɗai.

Mataki na biyu: a gwada abin da aka ji da nau'o'in da aka sani

Wanda ya fi yawa shi ne ɗan tsallake. Mutum yana kwance da dare sai ya ji kamar zuciyar ta tsaya cak, sannan ta buga da ƙarfi sau ɗaya. A haƙiƙa ba tsayawa ta yi ba: wani bugu ne ya yi riga-malam-masallaci ya zo kafin lokacinsa, da rauni har ba a ji shi ba, sai zuciyar ta ɗan dakata ta cika sosai, bugun da ya biyo baya ya zo da nauyi. Kusan kowa yana samun irin wannan, kuma a zuciyar da take lafiya ba shi da wata illa. Gajiya, rashin barci, damuwa da yawan goro ko kofi suna ƙara shi. Ana binciken sa ne idan ya yi yawa ƙwarai, ko yana ƙaruwa lokacin aikin ƙarfi, ko kuma mai shi dama yana da ciwon zuciya.

Na biyu shi ne gudun da ke farawa farat ɗaya ya tsaya farat ɗaya, wanda likitoci ke rubutawa SVT a kati. Yakan kama matasa, bugu yakan kai 150 zuwa 250 a minti, a jere ba tare da tsallake ba, na 'yan mintuna ko sa'o'i. Yana da firgitarwa amma da wuya ya yi kisa. Abin takaici shi ne sau da yawa kafin a isa asibiti ya lafa, a yi gwaji a ga komai lafiya, sai a ce wa mai shi tsoro ne ko damuwa, musamman idan mace ce. Littafin da aka ambata a sama shi ne hujjar mai irin wannan matsala.

Na uku shi ne wanda ya cancanci a tsaya a kansa, wato karkarwar ɗakunan sama, wadda ake taƙaitawa da AF. A nan ɗakunan sama sun daina matsewa da tsari, sai wutar lantarki ta riƙa tashi daga wurare barkatai sau 300 zuwa 600 a minti, ɗakunan suna makyarkyata kawai. Mahaɗar tsakiya tana tare mafi yawan wannan hayaniya ta bar wasu su wuce ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa wanda ya taɓa wuyan hannun mai AF zai ji bugu ba kai ba gindi, wani da ƙarfi wani da rauni, tazararsu ba ta taɓa daidaituwa. Ita ce rikicewa mai ɗorewa da ta fi yawa a duniya, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Wasu suna jin lugude da haki da kasala, wasu kuwa ba sa jin komai.

Hatsarinta yana wajen jinin da ba ya gudana yadda ya kamata. A jikin ɗakin hagu na sama akwai wani ɗan aljihu inda jini kan kwanta idan ɗakin ba ya matsewa, kuma jinin da ya kwanta daskarewa yake yi. Ranar da gudan ya ɓalle, hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ƙwaƙwalwa, ya toshe jijiya, ɓarin jiki ya shanye. AF tana ninka hatsarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma shanyewar da take jawowa ta fi saura muni. Wanda ba ya jin alamun komai hatsarinsa ɗaya ne da na wanda yake ji. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 65, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya dace a riƙa taɓa masa wuyan hannu lokaci zuwa lokaci, ko da a gida ne 'ya'yansa za su yi masa.

A ƙasashen Turai AF galibi ciwon tsofaffi ce, amma a ƙasashenmu ana ganinta a jikin 'yan shekara 20 da 30, kuma dalilin yana komawa ga yarinta. Ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a magance da penicillin ba yana iya haifar da zazzaɓi mai sa ciwon gaɓoɓi, wanda a hankali yake lalata ƙofofin zuciya, musamman wadda ke tsakanin ɗakunan hagu. Ƙofar ta ƙuntace, ɗakin sama ya buɗe ya yi girma saboda jinin da ke taruwa, daga nan tsarin lantarkinsa ya wargaje.

Na huɗu shi ne nawar bugu, inda yakan sauka ƙasa da 40, yawanci ga tsofaffi saboda hanyoyin wutar sun tsufa, ko kuma saboda magani ya yi yawa. Alamunsa jiri ne da duhun gani da faɗuwa ba gargaɗi, mutum ya farfaɗo cikin daƙiƙoƙi kamar ba abin da ya faru. Tsohon da ke yawan faɗuwa irin haka a ƙirga bugunsa kafin a ce tsufa ne ko farfaɗiya.

Na ƙarshe, kuma mafi hatsari, shi ne wanda ke tasowa daga ɗakunan ƙasa. Idan su ne suka kama gudu ko makyarkyata, jini ya daina fita ke nan, mutum ya yanke jiki ya faɗi cikin daƙiƙoƙi. Ya fi samun waɗanda tsokar zuciyarsu ta riga ta raunana ko ta yi tabo, da kuma masu wasu cututtuka na gado.

Mataki na uku: a san lokacin da ba a jira

Idan rikicewar bugu ta zo tare da suma ko kusan suma, ciwon ƙirji mai danna mutum, ƙarancin numfashi a zaune, ko gumi mai sanyi da ruɗewa, to a nufi sashen gaggawa nan take, kuma kada mai ciwon ya tuƙa mota ko babur da kansa. Haka nan idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya warware bayan 'yan mintuna. Suma a tsakiyar gudu ko wasa, da kuma tarihin wani a dangi da ya rasu farat ɗaya yana matashi, su ma dalilai ne na ganin likitan zuciya ba da ɓata lokaci ba. A nan ne ya kamata a yi hattara da kalmar "olsa ce", domin ciwon ƙirji da yawa an sha masa maganin olsa na watanni alhali zuciya ce take kuka.

Idan mutum ya faɗi, an kira shi an girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin gargara jefi-jefi, a ɗauka zuciyarsa ta tsaya. Yayyafa ruwa da fifita da ɗura masa abu a baki duk ɓata lokaci ne, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Mutum ɗaya ya nemi taimako, a Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, wani kuma ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya durƙusa a gefensa, ya ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, ya miƙe gwiwar hannu ya riƙa dannawa da nauyin jikinsa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, yana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Kada a daina dannawa har sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, kuma idan an gaji a yi canji. Ya kamata a kowane gida a sami aƙalla mace ɗaya da ta iya wannan, domin kada kunya ta sa a tsaya kallo idan mace ce ta faɗi.

Masu bin ƙwallon ƙafa ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, ko Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a birnin Lyon na Faransa a watan Yunin 2003. A ranar 12 ga Yuni 2021 kuwa zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a gaban idon duniya, aka fara danna masa ƙirji nan take, aka buga masa na'urar da ke dawo da bugu, ya farfaɗo a filin, kuma a shekarar da ta biyo baya ya koma buga wasa.

Mataki na huɗu: a nemo abin da ke ingiza zuciyar

Sau da yawa zuciyar kanta lafiya take, wani abu ne daga waje yake tunzura ta. Ƙarancin jini yana kan gaba, musamman ga masu juna biyu da masu yawan zubar jinin al'ada. Zazzaɓi yana ƙara bugu kimanin 10 a kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya hau. Gudawa da amai da gumin bazara suna zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotashiyam, wanda lantarkin zuciya ya dogara da shi, kuma magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini su ma suna rage shi. Halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima takan sa rama duk da cin abinci, rawar hannu, jin zafi da gudun zuciya, har ta kai ga AF. Minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, ƙiba, ciwon ƙoda da hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba duk suna cikin layi, kuma hawan jini shi ne babbansu.

Sai abin da muke sa wa bakinmu da kanmu: goro, kofi, shayi mai kauri da ake dafawa har ya yi ɗaci, lemun ƙarin kuzari da direbobi da ɗalibai ke sha don korar barci, sigari, shisha, giya da tramol. Magungunan kemis ma ba a bar su a baya ba. Maganin mura mai buɗe hanci da inhelar asma suna sa gudun zuciya, sannan quinine, chloroquine, erythromycin, azithromycin da ciprofloxacin suna iya tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri bayan kowane bugu, abin da ke da hatsari ga wasu mutane, ballantana idan aka haɗa biyu a lokaci ɗaya. Wanda zai ga likita ya zuba duk abin da yake sha a leda ya tafi da shi, har da na gargajiya da na Islamik kemis, kada ya ɓoye komai.

Mai jego tana da nata bayani na musamman. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da raunin tsokar zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kansa, inda suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Bincike na baya-bayan nan ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin goyon ciki, amma dai kanwa gishiri ce mai nauyi ga zuciyar da ta raunana. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matashin kai da yawa, ga kuma lugude a ƙirji, asibiti take buƙata, ba ƙarin ruwan zafi ba.

Mataki na biyar: gwaje-gwajen asibiti

Gwajin farko shi ne ECG, wanda asalinsa aikin wani likita ɗan ƙasar Holan ne, Willem Einthoven, da ya sami lambar yabo ta Nobel a kansa a 1924. Ana manna wayoyi a ƙirji da hannaye da ƙafafu, na'urar ta zana tafiyar lantarkin zuciya a takarda cikin 'yan mintuna. Ba ta sa wa mutum wuta, sauraro kawai take yi. Rauninta shi ne tana ganin abin da ke faruwa a daidai lokacin ne kawai, don haka sakamako mai kyau a ranar da ake lafiya bai wanke zuciya ba. Wanda abin ke zuwar masa yana tafiya ya san asibiti mafi kusa da ke da na'urar, ya garzaya can yayin da abin yake kan yi. A ɗauki hoton takardar da waya tun a ranar, domin rubutunta yana dusashewa da zafi.

Idan ba a kama shi ba, akwai ƙaramar na'ura mai suna Holter da ake rataya wa mutum na awa 24 zuwa 48 ya tafi gida da ita ya ci gaba da harkokinsa. Sai hoton zuciya, irin na masu juna biyu, wanda ke nuna girman ɗakuna da lafiyar ƙofofi da ƙarfin matsewa, kuma shi ne yake raba ɗan tsallake marar illa da mai buƙatar kulawa. A gwajin jini ana duba yawan jini, gishirin jiki, ƙoda, suga da aikin halittar wuya. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, da babban asibitin ƙasa na Yamai, suna da likitocin zuciya, kuma yana da kyau a nemi takardar turawa daga likitan da ya fara duba mutum.

Mataki na shida: magani

Ɗan tsallake a lafiyayyar zuciya yawanci ba ya buƙatar komai illa bayani da rage abin da ke tayar da shi. Mai SVT da likita ya tabbatar masa ana koya masa dabarar tsayar da shi: ya zauna a kishingiɗe, ya hura bakin sirinji mai cin mililita 10 wanda ba allura a jikinsa da ƙarfin da zai motsa abin turawar na daƙiƙa 15, sannan nan take ya kwanta rigingine wani ya ɗaga masa ƙafafu sama na wasu daƙiƙa 15. Wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna wannan hanya ta dawo da bugu daidai ga mutum 43 cikin 100, yayin da hurawa kaɗai ta yi wa 17. Tsoma fuska a ruwan sanyi ma yakan yi aiki. Kada a danna ƙwayar ido ko a murza jijiyar wuya a gida. Idan ya ƙi tsayawa akwai allurar adenosine a asibiti.

Ga mai AF tambaya ta farko ita ce ko yana buƙatar maganin tsinka jini. Likita yana lissafa shekaru, hawan jini, ciwon suga, raunin zuciya, ciwon jijiyoyin jini da ko an taɓa samun shanyewar jiki, sannan ya yanke. Aspirin ba ya wadatarwa a nan, duk da cewa mutane da yawa sun ɗauka yana yi. Sababbin magunguna irin su apixaban da rivaroxaban ba sa buƙatar yawan gwaji amma suna da tsada, kuma ba su dace da wanda ƙofar zuciyarsa ta ƙuntace ko aka sa masa ta ƙarfe ba. Ga waɗannan warfarin ne magani, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa da marasa lafiya daga Afirka, ya nuna ya fi rivaroxaban kare rayukan masu AF da ta samo asali daga lalacewar ƙofa.

Warfarin yana da araha amma yana son ladabi. Ana auna aikinsa da gwajin jini mai suna INR, wanda ga yawancin masu AF ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka jini na iya daskarewa, sama da haka yana iya zuba. Ganyaye irin su zogale da alayyahu suna rage ƙarfinsa saboda bitamin K da ke cikinsu. Ba a ce a daina cinsu ba, abin da ake so shi ne a riƙa ci daidai gwargwado kullum, kada a yi mako ba a taɓa ba sannan a wayi gari a cinye kwanon kwaɗon zogale. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi har a yi zubar jini, maganin tarin fuka na rifampicin yana kashe masa ƙarfi, ibuprofen da diclofenac kuwa suna iya fasa jini a ciki. Mai shan sa ya sanar da likitan haƙori, ya kuma haƙura da ƙahon wanzami da tsaga. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida ko matsanancin ciwon kai bayan buguwa duk na gaggawa ne. Matar da ke son ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun kafin ta ɗauka, domin warfarin yana cutar da ɗan tayi.

Don rage gudun bugu ana ba da bisoprolol ko danginsa, waɗanda ba a daina su farat ɗaya kuma ake taka-tsantsan da su ga mai asma, ko digoxin, wanda idan ya yi yawa a jiki yake sa tashin zuciya da ganin abubuwa rawaya-rawaya. Amiodarone yana da ƙarfi amma yana buƙatar a riƙa duba hanta da huhu da halittar wuya. Ana kuma iya sa mutum barci na 'yan mintuna a buga masa wuta daidai gwargwado don dawo da tsari, bayan ya yi aƙalla mako uku yana shan maganin tsinka jini idan AF ɗin ta daɗe. Akwai kuma aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar tushen cinya har zuciya a ƙone ko a daskarar da wurin da ke kawo ruɗani, wanda ke warkar da fiye da 90 cikin 100 na masu SVT, sai dai wuraren da ake yin sa a yankinmu kaɗan ne kuma kuɗinsa da nauyi.

Nawar bugu mai sa suma ba ta jin ƙwaya, maganinta batirin zuciya ne, wata 'yar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji kusa da kafaɗa. An fara dasa wa ɗan Adam ita a Suwidin a 1958, kuma mutumin da aka fara yi wa, Arne Larsson, ya rayu har 2001. Batirin yakan yi kimanin shekara 7 zuwa 10 kafin a sauya shi. Mai ɗauke da ita ya daina sa waya a aljihun gaban riga na ɓangaren da aka dasa, ya bar tazarar santimita 15 tsakaninsu, ya nisanci injin walda, ya kuma riƙa yawo da katin na'urar don nunawa a filin jirgi da kuma kafin a yi masa hoton cikin jiki mai amfani da maganaɗisu, wato MRI.

Mataki na bakwai: azumi da zaman yau da gobe

Mai shan waɗannan magunguna ya ga likitansa tun a watan Sha'aban. Wanda ake sha sau ɗaya a rana yana da sauƙin mayarwa lokacin buɗa-baki ko sahur, amma wanda ake sha sau biyu, kamar apixaban, yana son tazarar kusan awa 12, don haka likita ne zai ce a sauya shi ko a'a. A sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, a kuma rage shayi mai kauri da sahur. Wanda zuciyarsa ta raunana sosai ko bugunsa bai daidaita ba tukuna yana cikin marasa lafiyar da shari'a ta yi wa rangwame, kuma ya dace ya haɗa maganar likita da ta malami kafin ya yanke wa kansa hukunci.

A sauran watanni abin da ake buƙata sananne ne: a riƙe hawan jini da suga, a rage gishiri da dunƙulen miya, a yi tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa a yawancin ranakun mako idan likita bai hana ba, a rage ƙiba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye magani da zarar an ji sauƙi, alhali maganin tsinka jini ba ya sa a ji komai, kariya kawai yake bayarwa, kuma kariyar sababbin magungunan tana gushewa cikin kwana ɗaya ko biyu da dainawa. Idan kuɗi ne suka yanke, a gaya wa likita gaskiya ya duba mai araha maimakon a riƙa tsallake kwanaki. Idan kuma binciken ya nuna ciwon na gado ne, kamar kaurin tsokar zuciya, to iyaye da 'yan'uwa na jini da 'ya'ya su ma a kai su a yi musu ECG da hoton zuciya, ko da babu wanda ke jin komai a cikinsu.